Zuwa Fatakwal: labarin not ɗin ɗiyarka

Sakkwato, daren Laraba

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki, ya kuma ruwan Fatakwal da ba ya gajiya da sauka. Mu nan lafiya lau sai zafi, ka san halin garinku in Afrilu ta kama, kafin azahar ma'auni ya haura 40, wuta kuma sai sun ga dama. Inna na gaishe ka, ta ce tun sallar bara ba ka leƙo ba, kuma tana ƙirge.

Ka tambaye ni a waya yadda ɗiyarka ke shirin jarabawar JSS3, na ce maka zancen da tsawo kati ba ya ɗauka, to ga shi na zauna in rubuta, tunda naka yaron ma baɗi ne.

Abin ya faro wani dare bayan isha'i, ina kwance bisa tabarma tsakar gida tana gefe da tocilan tana hadda, sai maimaita wata kalma take, ibaporeshan, ibaporeshan, ta kawo ma'anar da Turanci tsaf ba gargada kamar mai biya Fatiha. Na ji daɗi har cikin raina. Sai ƙaddara ta sa na ce to mi ke nan, faɗa min da Hausa. Wallahi shiru. Na karɓi not ɗin na duba, rubutu mai kyau, an ja layi da jan biro, ba shafin da ta tsallake, amma duk wurin da na ɗora yatsa na tambaya sai ta maido min da jimlar nan yadda anka rubuta a allo. Ban ga laifinta ba, ban ma ga na tican sosai ba, ajin nasu cike yake maƙil, wani lokaci monita ake ba littafi ya kwafe a allo sauran su kwafa daga gare shi. Amma na kwana da abin.

Washegari na sayo littattafan rubutu biyar, na lissafi, kimiyya, tarihi, labarin ƙasa da adabi. Doka ɗaya na kafa: shafin hagu da Hausa, da bakinta, kuma dole a samu wani abu na gida ko na gari a ciki, shafin dama kuma Turancin da jarabawa ke so. In hagu bai cika ba babu taɓa dama.

Da randa munka fara. Na ce ta ɗebo ruwa a randar Inna ta ɗebo na jarka, ta kurɓi kowane. Na randa ya fi sanyi, wannan ko jariri ya sani. Na ce don mi? Ta ce don ta ƙasa ce. Na sa ta shafa bayan randar, ta ji damshi, sannan na jiƙa bayan hannunta na ce ta hura. Ta ce sanyi. To shi ke nan fa, jikin randa na da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa waje, iska na ɗauke shi ya zama tururi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ja zafi, zafin nan daga cikin randar yake jawo shi, wannan zama tururin shi ne ibaporeshan ɗin da take hadda. Jarka roba ce, ba ta tsattsafo. Ta yi tsit, can sai ta ce, shi ya sa da hunturu ruwan randa har haƙori yake kamawa amma cikin Agusta ba ya wani sanyi ko? Ni ban faɗa mata wagga ba, ita ta kawo, iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima ba ta ɗaukar ƙari sosai. Ranar har kunya na aje na yaba mata a gaban uwarta.

Lissafi ne ya fi ba mu wahala, musamman ɓangare-ɓangaren nan. Na ba ta 1/3 a tara da 1/4, ta haɗa na sama ta haɗa na ƙasa ta ce 2/7, da ƙarfin gwiwarta. Ban ce komai ba, na aika anka sayo dabino na ƙirga 12 a faranti. Na ce ba ni sulusi, ta ware 4. Ba ni rubu'i, ta ware 3. Nawa ke nan? 7 cikin 12. Sannan munka gwada amsarta ta farko, ashe 2/7 ma bai kai sulusin da munka fara da shi ba, na ce ke ina kika taɓa ganin an ƙara wa mutum abu ya ragu. Abin da ya ba ni mamaki, rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni duk ta san su daga islamiyya wurin rabon gado, ta san matar mamaci na da sumuni in akwai ɗiya, in ka ce mata 24,000 take za ta ce 3,000. Ta san zakkar kuɗi ɗaya cikin 40 ce, amma 2.5 cikin ɗari na littafin boko sai ta ɗauka wani dodo ne daban. Shekara uku tana ɗauke da abu ɗaya a jaka biyu ba wanda ya ce mata ɗaya ne.

Na Fitagoras kuwa, wato ƙa'idar lissafin gefunan alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa, magini ya koya mata ba ni ba. Ana gini bayan gidanmu, na kai ta ta ga yadda yake fitar da kusurwa da igiya, ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, in tsakaninsu ya ba da 5 to kusurwa ta miƙe. 3 sau 3 ya ba da 9, 4 sau 4 ya ba da 16, a tara su 25, wato 5 sau 5. Mutumin bai taɓa jin sunan wani Fitagoras ba, dariya ma ya yi ya ce shi wurin ubangidansa ya gada.

Tarihi kam a garin ga ai zunubi ne yaro ya hardace shi a ɗaki. Ran Asabar na ɗora ta a mashin munka je Hubbare, a hanya nake jera mata: an haifi Shehu a Maratta 1754, hijira daga Degel zuwa Gudu 1804, a shekarar anka yi Tabkin Kwatto, Alƙalawa ta faɗi 1808, Muhammadu Bello ya kafa garin ga 1809, Shehu ya rasu 1817. Da munka dawo ta Giginya na ce ga inda anka kara da Turawa a Maris 1903, daga nan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har Burmi inda ya yi shahada a Yuli. Shekarun da take ta rikitawa, tunda kowace ta samu wuri da take iya nunawa da hannu sai sunka zauna. Amma wadda ta kama ranta Nana Asma'u ce, 1793 zuwa 1864, da jajis ɗinta, wato malamai mata da ta horar, da 'yan taru masu shiga ƙauyuka karantar da mata, da waƙoƙi cikin Larabci da Fulfulde da Hausa. Shafi uku ta cika a hagu ban sa ta ba.

Af, kada in manta, ni ma na sha kunya. Ina ta kumbura ina lissafa mata duniyoyin da ke zagaya rana, na ce tara, ta ce Baba takwas ne. Munka yi musu har na ɗaga murya, ta ɗauko littafinsu, ashe tun 2006 masana sun sauke Fuluto daga jerin. Mu da anka yi wa bulala kan tara ɗin nan! Kai ma gyara naka kafin yaronka ya kama ka.

Labarin ƙasa a gadar Kwalkwalawa munka yi shi, hanyar jami'a, inda ambaliyar 2010 ta yanke, ka tuna. Na nuna mata Rima, na ce wanga ruwa ya biyo ta dam ɗin Goronyo, gaba kaɗan ya haɗe da gulbin Sakkwato, su bi ta Argungu da Birnin Kebbi su faɗa Neja, Neja ta tarar da Binuwai a Lokoja, daga nan sai kudu har teku. Ta ce wato ruwanmu na zuwa wajen su Baba na Fatakwal? Na ce ƙwarai, yankinsu yake ƙarewa. Ta zana taswirar da hannunta, ta sa Illela a sama bakin iyaka da Konni, ta rubuta cewa jihar 1976 anka yi ta, Kebbi ta fita 1991, Zamfara 1996, ƙananan hukumomi 23 sunka rage muna. Har ɗigo ta yi a ƙasan takardar ta rubuta sunanka.

Adabi bai ci muna lokaci ba, Inna ta karɓi wannan. Kamance, siffantawa, mutuntarwa, duk suna cikin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da karin maganar da take yi muna kullum, mu dai suna kawai munka liƙa masu.

Kada ka ɗauka komai ya tafi sumul. A wani gwaji da sunka yi, ta bayyana abin randar nan da Turancinta na kanta, gurgu-gurgu amma daidai, anka ba ta rabin maki wai ba haka yake a not ba. Ta dawo tana kuka ta ce ni na ja mata. Raina ya ɓaci, har na sa takalmi zan tafi makarantar, uwarta ta ce in zauna kar in sa a tsani yarinya. Na zauna. Yanzu dai shafin dama ma hardace shi take kalma da kalma, na haƙura da wannan, jarabawa da Turanci ake yin ta kuma mai maki ba ya zuwa gidanmu ganin randa. Bambancin kawai yanzu in ta manta kalma a tsakiya ba ta tsayawa cak kamar da, tana iya lalubo hanya. Turancin ne har yau da saura, shi ke hana ni barci, kuma ni kaina ka san iyakar nawa.

Zan ɗauki hoton shafukan lissafi da kimiyya in turo maka ta WhatsApp in data ta samu, amma don Allah kada ka ba yaron ya kwafe, in ya kwafe mun koma gidan jiya. Ka duba ka ga tsarin kawai, shi ya nemo nashi misalan a nan inda kuke. Kai kuma in ka ci karo da littafin tsoffin tambayoyin BECE, wato jarabawar JSS3 ɗin, mai amsa a baya, ka ba direban da ke kawo albasa ya taho min da shi, na nan da na samu shafukan tsakiya a juye suke.

Ka gaida uwargida da yara. Ɗiyarka ta ce a faɗa maka alkawarin agogo na nan ba ta manta ba.

Naka har kullum,
abokinka na Sakkwato