Wasiƙa daga Agadir zuwa Tawa

Agadir, Yuni 2025

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida. Barkanku da Sallah. Yaya farkon damina, an samu shuka kuwa? Allah ya ba mu mai albarka. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi. Na zaɓi rubutu a kan saƙon murya domin maganar tana da tsawo, kuma ina roƙon a karanta wa Kawu idan ya shigo daga Galmi, don shi ma ta shafe shi.

Inna ta tambaye ni ko na samu naman layya. A gaya mata bana ba a yi yanka ba a Maroko. Tun watan Fabrairu Sarki Muhammadu na shida ya roƙi jama'a su haƙura da layya, saboda fari na shekaru a jere ya rage dabbobi, rago ya fi ƙarfin talaka. Mun yi Idi, mu ƴan Nijar muka haɗu muka dafa shinkafa da kaji, Sallah ta yi kyau. Kada ta sa damuwa a ranta.

Na gama sitaj ɗin da na ba ku labari. Kun san farkon karatun a Rabat na yi shi, a makarantar noma ta Hassan II, kafin a maido mu reshenta na Ait Melloul kusa da Agadir, inda ake koyar da noman lambu. Daga nan aka tura ni wata gonar tumatir a yankin Chtouka. Baba, rumfunan leda ne iya ganin ido. Kowane tushe yana shan ruwansa ɗigo-ɗigo ta siririn tiyo, an narka masa taki a ciki gwargwadon abin da yake buƙata a ranar. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasarsu yana ta ja da baya, kowace shekara sai an ƙara wa rijiya zurfi, har ta kai gwamnati ta gina masana'antar tace ruwan teku. A 2022 ta fara aiki, tana fitar da mita kubik 275,000 a rana, wani a sha, wani a yi ban ruwa. Ruwan kuɗi ne, wanda ke sayar wa Turai ne kawai zai iya biya. Ba na yi wa kwarin Majiya fatan irin wannan ranar, kuma duk wanda ya zo muku da maganar a yi ta haƙa fanfunan burtsatse ba lissafi, ku tambaye shi wa ke auna abin da ya rage a ƙasa.

Sai dai ba a gonar zuciyata ta tsaya ba. A gidan da ake tantance kaya ne. Tumatir ɗin da aka tsinka da safe ba ya yini a rana. Ana auna shi, a ware manya da ƙanana, a fitar da mai tabo, a sa a kwali mai lambar da za ta nuna rumfar da ya fito da ranar da aka tsinke shi, sannan a sanyaya kafin mota ta ɗauka. Wasu motocin Turai suke nufa, wasu su bi ta Muritaniya zuwa Senegal da Mali. Shugaban sashen ya sa ni a kan littafin abin da aka zubar, kowace yamma in kawo masa nauyinsa da dalilinsa. Idan asarar ta ɗan ɗaga, a daren nan zai kira gona ya ji wace ƙungiya ce ta yi tsinka, kuma da ƙarfe nawa. Ina wannan aikin ina tuna rudun Kawu na ajiyar albasa, yadda muke tsame ruɓaɓɓiyar albasa a watan Agusta muna jibgewa bayan danga, ba wanda ya taɓa ƙirga ko buhu nawa ne, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri.

Albasarmu ba ta da na biyu a Afirka ta Yamma. Malamanmu a nan sun san sunan Galmi, kamar yadda ƴan kasuwar Gana da Kodebuwa suka san shi. Manominmu ya iya nomanta, ba ya buƙatar wani ya zo daga waje ya koya masa dashe. Bayan cira ne kuɗinsa ke zubewa. A Maris da Afrilu kowa ya cire a lokaci guda, bashin taki da man injin ban ruwa yana jira, dillali ya zo da buhunsa mai hula ya sa farashin da ya ga dama, kuma da buhu ake ciniki, ba da sikeli ba. Wanda ya daure ya ajiye zuwa bayan damina zai samu ninkin kuɗin, in albasar ta kai lokacin da ranta.

Abin da na koya kuwa ya ƙarfafa mini gwiwa. Albasa ba tumatir ba ce, ba lallai sai da ɗakin sanyi ba. Tana zama lafiya a sanyi mai tsanani kusa da ƙanƙara, tana kuma zama a ɗumi na digiri 25 zuwa 30. A tsakanin biyun ne take tsiro. Abin da ke kashe ta a wajenmu laimar damina ce da rashin iska, sai kuma abin da aka yi mata tun tana gona. Idan aka cika mata takin ure a ƙarshe, ko aka ci gaba da ban ruwa har gab da cira, ko aka yanke ganyen wuyanta bai bushe ba, ta nan ruɓa ke shiga. A El Hajeb kusa da Meknes, inda suke noman albasa sosai, da dutse da tattaka da leda manoma ke yin ma'ajiyarsu a bakin gona. Babu abin da suke da shi wanda Adar ba ta da shi.

To Baba, ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na san burinku in dawo in zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati a Yamai, kuma na san ba don kanku ba ne, albashin wata-wata rufin asiri ne ga gida irin namu. Ni ma da wannan niyyar na hau jirgi. Yanzu ina neman izininku in yi kundin kammala karatuna a kan ajiyar albasa, in zo gida a lokacin cira mai zuwa in yi gwajin a wajen Kawu: rudu irin na gargajiya a gefe ɗaya, a ɗaya gefen rumfa wadda iska ke ratsawa, kowane mako a auna a rubuta. Malamin da ke duba aikina ya yarda, ya kuma ce in nemi masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da malaman jami'ar Tawa su sa mini ido. Bayan na karɓi takardar injiniya ina son in yi aiki da ƙungiyoyin manoman albasa, daga Galmi zuwa Madawa da Tsernawa. Akwai tsarin da ake yi da gero da wake, manomi ya ajiye amfaninsa a sito a ba shi rance a kansa har farashi ya tashi. Muddin aka shawo kan ruɓa, za a iya tunanin irinsa ga albasa. Ban ce shekarun farko za su yi daɗi ba, kuma jarrabawar gwamnati ba ta wuce ni ba in hali ya sa. Amma wannan aikin ne nake kwana da shi nake tashi da shi, ina roƙon ku sa mini albarka.

Sai maganar Auta. Yaya ta ce ya fara zancen barin lakwal ya tafi bida kamar abokansa. Na ga samarinmu baƙar fata a gonakin Ait Amira, da asuba ake loda su a bayan a-kori-kura, da yawansu ba takarda, kuɗin yini ba ya wuce ci da haya. Rumfa ɗaya muke shiga da su, zafi ɗaya muke sha, amma ni da littafi nake shiga kuma na san ranar fitata. Ya daure ya samu BAC ɗinsa, ni zan nuna masa yadda ake cika takardun neman tallafin karatu.

Ina roƙon Kawu ya sa yaronsa ya fara rubuta mini tun yanzu: buhu nawa ya zuba a rudu bana, ranar da ya zuba, da abin da ake tsamewa duk lokacin da aka buɗe. Ko a bayan kwalin sukari ne a rubuta, a ɗauki hoto a turo ta WhatsApp. A kuma ware mini irin albasa na gida, wanda Kawu ya fitar da hannunsa.

A gaida Inna da kyau, a ce ina nan ina shan addu'arta. A gaida Goggo, da Yaya da maigidanta da yara, da Liman da mutanen unguwa. Ina jiran amsarku.

Wassalam,
Ɗanku