Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kawo mana man gas: ku duba gindin tankunanku

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa, mu masu gyaran janareto da manyan motoci ne a Kano, kuma ƙorafinmu ɗaya ne: man gas ɗin da ke fitowa daga ma'ajiyarku da ruwa a ciki.

Tun shigowar hunturu filtocin da ake cirewa daga injunan abokan cinikinku suna fitowa da baƙin yauƙi mai wari. Wannan ba ƙurar hanya ba ce. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka sai ya kwanta a gindin tanki, kuma a daidai inda ruwan ya haɗu da mai ne ƙwayoyin bakteriya da fumfuna ke hayayyafa. Suna cin man, suna barin yauƙi da tsami mai cin ƙarfe, har tsatsa ta huda tankin.

An ce ma'aikatanku suna ɗora laifin a kan sanyi. Sanyin Kano bai kai ya daskarar da gas ba. Abin da yake yi shi ne tona asiri: mai mai ɗumi yana riƙe ruwa a narke, da ya huce cikin dare sai ya saki ruwan, man ya yi hazo. Ruwan kuwa tun damina ya shiga, ta murfin da robarsa ta mutu da bututun iskar da ba shi da kariya, ga kuma gumin da tankin da ba a cika ba yake yi.

Tsohon inji zai yi tari, ya fitar da farin hayaƙi, ya ci gaba. Na zamani ba ya yafewa. Yana tura mai da matsin da kan kai 2,000 a ma'aunin matsi na bar, ruwa kaɗan ya isa ya cinye bakin nozul mai fesa mai cikin inji da famfo. Ma'aunin ingancin man gas na Turai, EN 590, bai yarda ruwa ya wuce miligiram 200 a kilo ɗaya na mai ba.

Muna roƙon ku shafa man gwajin ruwa a sandar awo kowace safiya, kuma bayan kowace tanka ta sauke. Idan launin man gwajin ya sauya, a zuƙe ruwan daga gindi kafin a sayar da ko lita ɗaya. Ku bar mai ya kwanta na wasu awanni bayan saukewa, ku sa filta mai tsotse ruwa a famfon sayarwa. Tankin da ya riga ya kamu, zuba magani kaɗai ba zai isa ba, domin matattun ƙwayoyin ma toshe filta suke yi. Sai an kwashe man an wanke tankin.

Mun ajiye samfurin man a kwalabe, da kwanan watan saye da rasit. Muna jiran amsarku cikin mako 2 kan wanke tankunan da biyan waɗanda nozul ɗinsu ya lalace, kafin mu kai samfurin ga NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar rarraba mai a Najeriya.

Naku,
Wasu makanikan injunan gas, Kano