Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Sadarwa: A Turo Mana Ɗan Jaridar Da Zai Zauna Har A Tashi Wasa

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ni malamin makaranta ne a nan Tawa. Idan an tashi lakwal da marece, nakan haɗu da wasu mutum goma sha ɗaya mu shirya wasan kwaikwayo, abin da tsofaffinmu suka saba kira teyatur. A cikinmu akwai tela, akwai ɗan kabu-kabu, akwai mai tuyar ƙosai, akwai ɗalibai biyu na Jami'ar Djibo Hamani. Babu wanda yake cin abinci da wannan sana'a. Wani zai ce ai ministan al'adu ya kamata in rubuta wa. Da zauren wasa nake nema ko kuɗin kayan sawa, da can na nufa. Kukana yau a kan jarida yake, jarida kuwa a ƙofarka take.

Bari in ba ka labarin dare ɗaya, don shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mun yi wata huɗu muna gwajin wani wasa a kan matar ɗan bida. Duk wanda ya san Adar ya san wannan mata. Mijinta ya tafi Abijan ko Libiya da alkawarin dawowa kafin shuka, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ita ba sakakka ba, ba mai miji a ɗaki ba. A wasanmu shekararta bakwai tana jira, abin da ya rage tsakaninsu sai saƙon murya a waya. Mai tuyar ƙosan nan ita ta fito a matsayin matar. Akwai wurin da take zaune a bakin murhu, ta kunna tsohon saƙon mijin ta saurara, ta sake kunnawa, ɗanta ya shigo ya ce, "Inna, muryar wane ne wannan?" Ba ta amsa ba. Ta kife wayar a kan tabarma ta ci gaba da tuƙa tuwo. Filin da ke cike da yara da samari masu hayaniya ya yi tsit, har ana jin ƙarar gurup daga bayan katanga. Can daga ɓangaren mata wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Gaya masa, ɗiyata! Gaya masa ubansa ne!" Ta manta wasa ake yi. Da aka tashi, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce ɗansa shekara biyar ke nan yana waje, kuma gobe zai kira shi ya zo ya raba gardama da yarinyar mutane.

An gayyaci ɗan jarida a daren. Ba zan faɗi sunansa ko na jaridarsa ba, don ba shi kaɗai ke yin haka ba. Ya zo da wuri, ya ɗauki hoton manyan baƙi a kujerun gaba, ya naɗi jawabin buɗe taro, ya karɓi takardar jawabin. Kafin matar ta zauna a bakin murhu ya hau babur ɗinsa. Bayan kwana uku labarin ya fito da Faransanci: sunayen manyan da suka halarta da muƙamansu, abin da babban baƙo ya ce a kan muhimmancin al'ada, sannan layi ɗaya a ƙarshe, wai wata ƙungiya ta nishaɗantar da jama'a da ɗan gajeren wasa. Babu sunan wasan, babu abin da ya ƙunsa. Da na fassara wa ƴan ƙungiya, mai ƙosai ta ce, "Mushe, to mu ba mu yi komai ba ke nan?" Har yau ban sami amsar da zan ba ta ba.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa wannan ya fi yi mana ciwo fiye da mawaƙi ko mai fim shi ne, wasanmu ba a rubuce yake ba. Haka teyatur na Hausa ya tashi a ƙasar nan. Mukan zauna mu tsara ƙashin labari, mu raba wa kowa matsayinsa, sauran magana a bakin ɗan wasa take fitowa, gwaji bayan gwaji, har ta nuna. Mai waƙa yana da faifai. Mai fim yana da fim ɗinsa. Mu idan an naɗe tabarmi an kashe fitila, abin da ya rage sai wanda ya shiga zuciyar ƴan kallo, su ma wata rana za su manta ko su koma ga Allah. Rubutun ɗan jarida shi kaɗai ne takardar shaidar cewa a rana kaza, a gari kaza, an yi wasa kaza, kuma ga abin da mutanen wurin suke tattaunawa a lokacin.

Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar wannan fasaha ba ce. A zamanin Seyni Kountché, lokacin da samariya ke da ƙarfi, an fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, ana kewayawa da shi daga wannan babban gari zuwa wancan, kowace jiha ta kawo wasanta a yi gasa. Su Yazi Dogo da abokan wasansu na Damagaram sun sa mutane sun riƙa taruwa a gindin rediyo da gaban talabijin ɗin unguwa. Kafin su akwai Mahamane Dan Dobi, akwai André Salifou da ya ɗora tarihin Damagaram a dandali. Daga baya marigayi Alfred Dogbé ya kafa ƙungiyar Arène Théâtre da bikin Émergences a Yamai, ya horar da matasa da yawa kafin rasuwarsa a 2012. To yau idan ɗalibi ya so sanin wane wasa Tawa ta kai gasa a shekara kaza, me ya ƙunsa, wa ya fito a ciki, me ya sa aka yi dariya ko aka yi kuka, ina zai dosa? Sau da yawa sai ya nemi wani tsoho ya yi masa tuni. Abin da ke sa ni jin nauyi shi ne, littafin da masu bincike ke yawan komawa gare shi a kan teyatur na Hausa a Nijar wata Ba'amurkiya ce, Janet Beik, ta wallafa shi a 1987, da Ingilishi. Allah ya saka mata. Amma ta zo ta zauna da ƴan wasa, ta kalli gwaji, ta kalli wasa har ƙarshe, ta rubuta. Aikin da ya kamata mu riƙa yi wa kanmu kowane mako ke nan.

Na san halin da gidajen jarida suke ciki, kuma ba na son in zalunce su. Tun da jaridar Haské ta buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu a 1990, jaridun nan da siyasa suka tashi, da ita kuma suke sayuwa. Takarda tsada, talla kaɗan, masu saye ba yawa, shafi takwas ba ya ɗaukar komai da komai. Wakilin da ke jiha shi kaɗai ne a kan labarin gwamna, da na kasuwa, da na tsaro, da na kokawa, wani lokaci da man babur ɗinsa yake yawo. Daga nan ne wata al'ada ta samu gindin zama, wadda kowa ya sani amma ba a son faɗa: mai taro shi ke biyan kuɗin ɗaukar labari, ya kuma ba da na mai. Furoje, wato shirin da ƙungiyar agaji ke ɗaukar nauyi, tana da wannan kuɗi a cikin kasafinta. Shi ya sa idan muka yi wasan faɗakarwa na minti ashirin a kan rigakafi ko wanke hannu, wanda wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyi, sai ka ga kyamara biyu da rakoda uku. Wasan da muka yi wata huɗu muna ginawa da jika-jikar aljihunmu kuwa ba mai leƙowa. Ban raina faɗakarwa ba, ta ceci rayuka, ta kuma saya mana labule da lasifika. Amma yaran da ke tasowa a hannuna sun fara ɗauka cewa wasan kirki shi ne wanda furoje ta yi oda, tunda shi kaɗai suke gani a jarida. Wannan yana kashe ƙirƙira tun daga saiwa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ƴan wasa muna da namu laifin. Mukan sanar da wasa ana gobe za a yi. Mukan ce ƙarfe takwas mu fara ƙarfe tara da rabi. Ba mu ba ɗan jarida ko ƴar takarda mai sunan wasa da sunayen ƴan wasa. Mafi muni, ba mu iya karɓar gyara ba. Na taɓa ganin shugaban wata ƙungiya ya daina gaisawa da wani ma'aikacin rediyo don kawai ya ce wasansu ya yi tsawo. A gari irin namu da kowa ya san kowa, ɗan jarida yakan ga gara ya yi yabo ko ya yi shiru da ya ɓata da maƙwabcinsa. Wannan namu ne, mu za mu gyara, na kuma fara da ƙungiyata.

Domin ni ba yabo nake roƙo ba. Ina son wanda zai rubuta cewa kashi na biyu na wasanmu ya yi sanyi, cewa mai fitowa a matsayin suruki yana juya wa ƴan kallo baya, cewa mun sa ban dariya a inda ya kamata a bar mutane su yi shiru. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma sai bayan wasa na biyar na gano su da kaina. Da akwai ido na waje mai ilimin abin, da tun daren farko mun sani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗan kokawa a ƙasar nan yana da masu sharhi da suka san sunan kowane kamu, suna faɗin inda ya yi sake da inda ya yi dabara, shi ya sa har yaro ƙarami ya iya kallon kokawa da idon masani. Ɗan wasan kwaikwayo bai da ko ɗaya.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban ga wanda ya fi ƙarfin ofishinka ba. Le Sahel da Sahel Dimanche, waɗanda hukumar ONEP ke bugawa, na ƙasa ne, da dukiyar jama'a suke tafiya. A ware gurbi tabbatacce, ko rabin shafi ne a mako, na sharhin wasan kwaikwayo, wanda ba sai mai wasa ya biya ba. Kada kuma ya tsaya a kan abin da aka yi a Cibiyar Oumarou Ganda ko Cibiyar Moustapha Alassane a Yamai. Tsakaninmu da babban birni sama da kilomita 500 ne, amma akwai gidan matasa na Albarka Tchibaou a nan, akwai irinsa a Maraɗi da Damagaram da Doso da Agadas, akwai wasannin da ake yi a filin makaranta da bakin kasuwa. Wakilan ANP, kamfanin dillancin labarai na ƙasa, suna jihohi. A ba su umarni da ɗan abin hawa, a ce musu daren wasa aikinsu ba ya ƙarewa da jawabin babban baƙo. Idan jaridar gwamnati ta fara, masu zaman kansu za su ga ana karantawa su bi.

Sai maganar horo, don ba a haihuwar mutum da sanin sharhi. Makarantar koyon aikin jarida ta ESSCOM, wadda a da ake kira IFTIC, tana yaye ƴan jaridarmu da yawa. A sa musu darasin kallon wasa da rubutu a kansa, a gayyato tsofaffin ƴan teyatur da suka rage su zauna da ɗalibai tun suna da ƙarfin magana. Ɗalibi ya je gwaji sau uku kafin ya rubuta layi ɗaya, ya ga yadda ake gina fitowa guda, ya san bambancin ɗan wasan da ya iya da wanda yake ihu kawai.

Akwai kuma harshe, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Wasan da aka yi da Hausa, mai cike da habaici da zaurance da karin magana, idan aka taƙaita shi da Faransanci rabin gishirinsa ya zube. Mai ƙosai ba za ta iya karanta abin da aka rubuta a kanta ba sai na fassara mata. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ina ganin shafin al'adu shi ne wuri mafi sauƙi da za a fara aiki da wannan magana a jarida. A da ma an yi jaridun yaƙi da jahilci da harsunanmu, irin su Saabon Ra'ayii da Gangaa, manoma suna karantawa. A rubuta sharhin wasan Hausa da Hausa, na Zabarmanci da Zabarmanci, haka na Tamajak da Fillanci da Barbarci, a sa taƙaitawa da Faransanci a gefe. Wanda bai iya karatu ba zai ji a rediyo, tunda gidajen rediyo suna karanto abin da jaridu suka ƙunsa, kuma shafi ɗaya da aka ɗauka a hoto yakan zaga wayoyin gari ta WhatsApp kafin azahar.

Ranka ya daɗe, bayan girbi za mu sake fitar da wasan matar ɗan bida, daidai lokacin da samarin Adar ke ɗaure kaya za su kama hanya. Mun gyara kashi na biyu. Wannan karon za mu aika da sanarwa tun da saura mako biyu, mu buga sunayen ƴan wasa a takarda, mu fara a kan lokaci. Zan ajiye kujera ɗaya a tsakiyar jama'a, kusa da ɓangaren mata, inda ake jin abin da tsofaffi ke faɗa. Wasan awa ɗaya da rabi ne. Ina roƙon ka sa a turo wanda zai zauna a kanta har a tashi.

Allah ya ja zamaninka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Naka,
Wani malamin makaranta mai shirya wasan kwaikwayo,
Tawa.