Wasiƙar godiya ga garejin da ya gano inda iska ke zurarewa a motata

Zuwa ga Maigidan gareji da dukkan makanikan da ke aiki tare da shi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in yi muku godiya kan aikin da kuka yi wa motata, kuma na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a saboda na san akwai masu motoci masu turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, da ke fama da irin ciwon kan da ya hana ni sakat har tsawon wata huɗu.

Ni na jawo wa kaina matsalar. Na cire gidan totur ɗin da motar ta zo da shi daga kamfani, wato maƙogwaron nan mai faifai a ciki wanda ke buɗe wa injin hanyar iska idan an taka totur, na sa wani na alminiyum mai faɗin milimita 70 wanda wani kamfani daban ya ƙera, da nufin injin ya ƙara samun numfashi. Tun a makon farko silo, wato aikin injin idan ba a taka totur ba, ya lalace. Allurar juyawar inji da ta saba tsayawa wajen 800 ta koma hawa da sauka tsakanin 1,100 da 1,500, fitilar gargaɗi ta kama, idan kuma na taka sosai a babban titi sai in ji wani siririn fito daga ƙarƙashin bonet, ƙarfin turbo ya ragu, shan mai ya ƙaru. Kafin in zo wurinku na je wurare biyu, inda aka canza fulogi, aka wanke na'urar auna iska, aka yi ta murɗa sukurun totur, amma ciwo yana nan inda yake.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne, Maigida, ba ku ɗauki sifana ba sai da kuka gama saurarona, sannan kuka jona na'urar bincike da ƙwaƙwalwar motar. Ta nuna lambobi biyu, P0171 mai nuna iska ta fi mai yawa, da P0507 mai nuna silo ya wuce ƙa'ida. Ba ku tsaya nan ba, kun duba yawan man da ƙwaƙwalwar ke ƙarawa don cike giɓi, kuka ga a silo tana ƙara sama da kashi 20 cikin ɗari, alhali a lafiyayyen inji gyaran ba ya cika wuce kashi 10. Da muka fita gwaji aka taka har turbo ya ɗauka, sai lissafin ya juye, man ya fi iska yawa.

A nan ne kuka yi mini bayanin da har yanzu nake maimaita wa abokai. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai idan aka auna da nauyi, kuma ƙwaƙwalwar wannan motar tana zuba mai ne daidai da iskar da na'urar aunawa ta ƙirga tun daga ƙofar shiga. A silo faifan totur yana kusan rufe, injin yana zuƙa da ƙarfi, don haka duk wata kafa da ke bayan faifan za ta shigo da iskar da ba a ƙirga ba. Idan turbo ya fara turowa, matsin ciki ya fi na waje, sai wannan kafar ta koma fitar da iskar da an riga an ƙirga an kuma ware mata mai. Kafa ɗaya ce ke haifar da alamomi biyu masu saɓa wa juna, shi ya sa waɗanda suka duba motar a tsaye kawai suka kasa gane ta.

Gwajin da kuka yi shi ne ya raba gardama. Kun kashe injin, kun toshe bakin turbo da murfi mai ƙofar hura iska, kun cire murfin man inji don kada matsi ya taru a ciki, sannan kuka riƙa turo iska kaɗan-kaɗan har ma'aunin matsi ya kai bar 1, wato kusan fam 14.5 a kowane inci murabba'i, daidai da abin da turbon motar ke bayarwa. Aka bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Na tuna a wani wuri an taɓa fesa maganin wanke kabureta a gefen injin yana aiki, kusa da turbo mai zafi, don a ji ko silo zai canza. Ku kuwa kun ce ba za ku yi wasa da wuta a motar mutane ba, kuma ruwan sabulu ya fi nuna ainihin wurin.

Kumfa ta tashi a wuri uku. Biyu daga ciki ba su ba ku wahala ba: robar da ta rufe wani ƙaramin bututu da ba a amfani da shi ta tsage, sannan fuskar gidan totur ɗin da ke haɗuwa da manifol, wato bututun da ke rarraba iska cikin inji, ba ta kwanta daidai ba, kuka goge ta a kan takardar yashi da aka shimfiɗa a kan gilashi har ta miƙe, kuka sa sabon gasket, kuka ɗaure notuna a gicciye da sifana mai awo saboda haƙoran alminiyum ba sa jure ɗaurin ƙarfi. Ba ku shafa gam ɗin silikon ba ko kaɗan.

Na ukun shi ne babba, kuma yaronku ne ya fara jin hucinsa kafin kumfa ta bayyana, don haka ina miƙa masa godiya ta musamman. Iskar tana bin gefen sandar da faifan ke juyawa a kanta, inda robobin da ke tare ta suka bushe suka saki. Wani zai ce a jefar da gidan totur ɗin a sayo sabo, ku kuwa kun zauna kun kwance shi. Kun sa wa faifan alama kafin cirewa, domin gefensa a karkace aka yanke shi, kuma idan aka mayar da shi a juye ba zai rufe daidai ba. Kun sa sababbin zoben roba na Viton masu jure zafi da mai, kuka daidaita faifan a tsakiya yadda ba zai goga jikin maƙogwaron ba, sannan kuka sa wa ƙananan sukurorinsa biyu maganin kulle haƙori. Da na tambayi dalilin wannan taka-tsantsan, kuka nuna mini cewa sukuru ɗaya idan ya kwance, babu abin da zai tare shi sai bawul da fistin.

Bayan an mayar da komai, kun gyara sukurun totur ɗin da aka murɗa a baya, kun daidaita na'urar da ke shaida wa ƙwaƙwalwa matsayin faifai, kun bar injin ya sake koyon silonsa, sannan kuka maimaita gwajin matsi a gabana. Allurar ma'aunin matsi ta daɗe kafin ta fara sauka, kuma kun gaya mini tun kafin in tambaya cewa ba za ta tsaya cak ba, domin iska kaɗan tana bi ta bawul da zoben fistin a kowane inji. Haka kuma ba ku ɓoye mini ba cewa, da turbon da ke motar a yanzu, faɗaɗa gidan totur bai ƙara mini wani ƙarfin a zo a gani ba. Maganar ba ta yi mini daɗi ba a lokacin, amma gaskiya ce, kuma na fi yarda da ku saboda ita.

Yau mako shida ke nan, silo yana tsaye a 800, fiton ya ɓace, fitilar ba ta sake kamawa ba. Tsofaffin robobin da kuka miƙo mini a leda suna nan na ajiye. Zan kawo motar a duba ɗaurin kilif-kilif na tiyon turbo kamar yadda kuka ce, tunda zafi da sanyi kan sassauta su bayan an yi tafiya. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku.

Naku mai godiya,
Mai motar da silonta ya ƙi tsayawa