Takardar Koke Kan Rigakafin Haukan Kare da Fiɗiyar Dabbobin Gida Cikin Rahusa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, mu iyayen yara da masu ajiye karnuka da kyanwoyi a unguwannin da ke ƙarƙashin kulawarka mun kawo kukanmu gare ka.

Kwanan baya kare ya ciji ɗan ɗaya daga cikinmu a ƙauri, yana dawowa daga makaranta. Raunin bai taka kara ya karya ba. Uwarsa ta wanke shi da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, kamar yadda likitoci ke cewa, aka garzaya asibiti. Tambayar farko da aka yi mana ita ce: an yi wa karen allura? Mai karen ya sunkuyar da kai. Ba mugun mutum ba ne, kuɗin asibitin dabbobi ne ya fi ƙarfinsa. Haka aka yi ta zarya da yaron ana yi masa allura, iyayensa kuwa barci ya ƙaurace musu.

Ranka ya daɗe, wanda alamun haukan kare suka bayyana a jikinsa da wuya ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Su ne masu wasa da kwikwiyo, su ne kuma masu ɓoye yaƙushi don tsoron faɗa. Abin da ke ci mana rai shi ne rigakafin ba sabon abu ba ne, tun 1885 masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Pasteur ya yi amfani da shi. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar ta rasa hanyar yaɗuwa. Ta wannan hanya ƙasar Meziko ta samu shaidar kawar da yaɗuwarta daga karnuka zuwa mutane a 2019.

Duk lokacin da aka yi cizo, sai matasa su fito da sanduna. Mun ga hakan ba sau ɗaya ba, ba mu ga amfaninsa ba. Cikin karya kwana 63 ne, tana kuma iya haihuwa sau biyu a shekara; mage kuwa tun tana 'yar wata biyar take iya ɗaukar ciki. Mai gida ya rasa yadda zai yi da 'ya'yan, sai a tsince su cikin kwali a bakin bola, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. Waɗanda suka sha da ƙyar su ne gobe ke yawo babu mai su, babu allura.

Saboda haka muna roƙo a ware rana guda a kowane wata da likitan dabbobi zai zo cikin unguwa, a yi allurar kyauta ko a kan kuɗin da talaka zai iya biya, a ba kowace dabba katin shaida. A tanadi akwatin sanyi, domin zafi na lalata maganin. Fiɗiyar maza da tiyatar cire mahaifar mata kuma a rangwanta su, ƙwararre ya yi su da allurar kashe zafi, kada talauci ya tura mutane hannun wanda bai san aikin ba.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Za mu ƙidaya dabbobin gida-gida, mu samar da wuri, mu kawo matasan da za su riƙe su. Muna so a fara kafin 28 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya, kuma muna neman a sa mana lokacin da wakilanmu za su zo gabanka.

Allah Ya taya ka riƙo.

Mu ne naka masu biyayya,
Iyayen yara da masu dabbobin gida.