Gardamar da muka yi a kan Psycho

Jidda, daren Juma'a

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya? Mu nan sai godiya.

Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a majalisarmu, har na ce ina ma kana nan. Mun kalli Psycho, fim ɗin Alfred Hitchcock na 1960, wanda muka gani a kaset muna samari. Ɗan yayana, da ya saba da sinimomin da aka sake buɗewa a ƙasar nan tun 2018, ya ce shi bai ga abin tsoro ba: ba kala, ba aljani, jinin ma ɗan kaɗan. Wani ya ɗora da cewa ai ruwan cakulan aka zuba a madadin jini. Haka ne, amma me hakan ya rage?

Na ce su tuna inda mai masaukin, Norman Bates, ya kawo wa baƙuwarsa burodi da madara, yana magana a hankali, yana sunkuyar da kai don kunya. Tana shiga ɗaki sai ya cire hoto daga bango, ya sa ido a ɗan rami yana leƙenta. Ka san aikinmu na masaukin alhazai, amana ce jarinmu. Baƙo yakan yi barci a ɗakin da makullinsa ke aljihunka, bai san ka ba, bai san asalinka ba. Wallahi wannan ne ya tsaya mini a rai. Aljani kana da addu'ar da za ka karanta. Mai fara'ar da ya tarbe ka da abinci fa, ta ina za ka gane shi?

Ga kuma wurin wankan, inda aka kashe baƙuwar. Kiɗan goge zalla mai tsara kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, ya sa, hoton kuma yanka-yanka ne, sai ka rantse ka ga abin da ba a nuna maka ba. Janet Leigh, wadda ta fito a matsayin baƙuwar, da kowa ya ɗauka ita ce tauraruwa, an kashe ta tun fim bai kai rabi ba.

Wani dattijo cikinmu ya ce bayanin likitan ƙwaƙwalwa na ƙarshe ya yi tsawo, ya kashe armashin. A nan kam na bi bayansa.

Don Allah ka sake kallonsa, ka rubuto mini ɓangaren da kake, domin yaron nan ya ƙi saukowa. Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Amininka na Jidda