Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Sikeli, Buhu Da Amanar Da Ke Wuyanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayenmu da 'yan uwanmu manoman Kura, Bunkure da Garun Malam, da iyayenmu mata masu turara shinkafa, da Alhazai da Hajiyoyi masu shaguna da ke ɗaukar kaya a wurinmu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan an shiga kakar bana lafiya, mu da muke riƙe da ragamar wannan ƙaramin kamfani na casar shinkafa mun ga ya dace mu rubuto muku game da yadda muke awo, da yadda muke cika buhu, da kuma wanda za ku tuhuma idan kun ga ba daidai ba. Mun zaɓi rubutu ne domin maganar da aka yi a bakin inji, cikin ƙara da ƙura, tana iya bin iska, amma wadda aka rubuta kowa na iya ɗauko ta gobe ya kafa mana hujja da ita.

Kun fi mu sanin tarihin wannan sana'a. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai ya ratsa gonakin Kadawa, a hankali shinkafa ta zama abin da yankinmu ke dogaro da shi, rani da damina. Amma shekarun baya-bayan nan sun jijjiga kasuwarta. Da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar gida ta yi daraja, injina suka yawaita, mutane da dama suka shigo harkar. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na ban ruwa suka yi tashin gwauron zabi. Sannan a watan Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwanaki 150, kuma daga baya farashi ya sauko ya tarar da mutane riƙe da kayan da suka saya da tsada. A duk lokacin da kasuwa ta juya haka, riba kan matse, kuma a lokacin ne zuciya kan fara raya wa ɗan kasuwa ya nemo ribarsa daga cikin buhu.

Hanyoyin kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Sai a rubuta kilo 50 a jikin buhu alhali kilo biyu ko uku sun yi ɓatan dabo, ko a zuba karyayya a ƙasa a rufe bakin da mai kyau, ko a ɗinke kayan da bai gama bushewa ba domin ya ƙara nauyi. Matsayinmu a kan wannan ɗaya ne: idan tsada ta matsa mana, za mu ƙara kuɗin buhu a fili, mu rubuta a allon da ke ƙofar shiga, kowa ya gani ya yanke shawara ko zai saya ko zai duba gaba, amma buhun kilo 50 zai ci gaba da zama kilo 50. Ƙarin farashi ciniki ne, mai saye yana da bakin tayawa. Ragin awo kuwa ɗaukar dukiyar mutum ne ba da saninsa ba.

Akwai wata magana da ake yawan yi idan an kama algus a wani wuri, wai yaran sikeli ne, maigida bai sani ba. Mu ba mu yarda da wannan uzuri ba, kuma shi ne babban dalilin wannan wasiƙa. Duk mai inji ya san abin da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ke bayarwa: idan ta bushe da kyau, kilo 100 kan fitar da tsakanin kilo 60 zuwa 65 na casasshiyar shinkafa, sauran ya tafi a ɓuntu da dusa. To idan maigida ya zauna a ofis yana neman yaransa su kawo masa adadin buhunan da wannan lissafi ba zai iya fitarwa ba, ya riga ya umarce su da tauye awo ko da bai furta ba, domin yaron da ke tsoron kora zai nemo cikon ne daga hakkin wani. Haka nan maigidan da ke yi wa yaro murmushi ranar da aka samu rarar da ba a san asalinta ba, ya koya masa darasin da wa'azi ba zai goge ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Saboda haka albashin ma'aikatanmu bai rataya a kan rarar awo ba, ba ma tsawata wa wanda ya mayar da buhu kan sikeli don ya cika shi, kuma idan kun samu ragi a kayanmu, mu shugabanni za ku kama, kada ku tsaya kan yaron da ya ɗinke buhun.

Ga 'yan uwanmu manoma, inda aka fi samun saɓani tsakaninku da masu saye shi ne maganar danshi, don haka bari mu tsaya a kanta. Shanshera sabuwar yanka takan zo da ruwa sama da kashi 20 cikin 100, alhali ba ta ajiyuwa lafiya sai ta sauko wajen kashi 14. Idan manomi ya kawo kilo 100 mai danshin kashi 22, bayan an shanya ta ta kai 14, abin da zai rage bai kai kilo 91 ba. Wannan ragi gaskiya ne, ba wayo ba ne, kuma mai saye yana da hakkin lissafa shi. Abin da ba hakkinsa ba ne shi ne ya damƙi shinkafa a tafin hannu, ya ciza ƙwaya ɗaya, ya yanke ragin da ya ga dama. A wurinmu za a ɗebo samfuri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a zuba a na'urar auna danshi a gaban mai kaya, ya karanta lambar da idonsa ko ya kira ɗansa ya karanta masa, sannan a yi lissafi a takarda a ba shi ya tafi da ita. Fuskar sikelinmu tana kallon mai kaya, kuma wanda ya fi son ya koma ya ƙara shanya kayansa ya dawo, ba za a ɓata masa rai ba.

Muna kuma roƙonku da girmamawa, kamar yadda kuke so mu tsare muku, ku ma ku tsare mana. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki ya ji lema, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Yayyafa wa shanshera ruwa, ko barin ƙasa da tsakuwa a ciki don nauyi, duk sun shiga nan. Suratul Muɗaffifina kuwa ta yi kashedi ga masu cika mudu idan su za a auna wa, su tauye idan su za su auna wa mutane. Wannan aya ta fi kowa shafar mai inji, tunda da safe shi mai saye ne, da yamma kuma mai sayarwa, don haka sikelin da muke karɓar kayanku da shi, shi ne wanda muke fitar da namu da shi.

Ga Alhazai da Hajiyoyi masu shaguna, wasu daga cikinku sun nemi mu riƙa zuba muku shinkafarmu mai daraja ta ɗaya a buhunan da ke ɗauke da sunan 'yar waje, saboda a birni ta fi saurin fita kuma ta fi kuɗi. Mun fahimci matsin da kuke ciki, amma muna ba ku haƙuri, ba za mu yi ba. Ban da yaudarar mai saye, akwai zaluncin da ba a cika lura da shi ba. Idan duk shinkafa mai tsabta da manomin Kadawa ya noma za a sa mata rigar Tailan ko Indiya, mai tsakuwa kaɗai za a bari da sunan 'yar Hausa, to yaushe uwargida a Kano ko Kaduna za ta san cewa abin da take yabawa a tukunyarta daga gonar Kura ya fito? Kayanmu zai fita a buhunmu, kuma kowane buhu za a rubuta masa abin da ke ciki, tsayayya ce, gauraye ce, ko karyayya ta tuwo, kowace da kuɗinta.

Iyayenmu mata da ke kawo turararriyar shinkafa a casa muku, dusa da karyayyar da suka fita daga kayanku naku ne, sai dai in kun ga dama ku sayar mana a farashin ranar. Layi kuma na wanda ya riga zuwa ne, ba za a tsallake mai buhu biyu don mai mota ya iso ba.

Mun san wannan tsari yana da tsada a gare mu. Wata rana buhunmu zai fi na wani wuri kuɗi, wani abokin cinikin kuma zai juya ya tafi, kuma mun karɓi hakan da zuciya ɗaya. Abin da muke nema a wurinku shi ne ku riƙa gwada mu. Akwai dutsen awo mai kilo 50 a ajiye kusa da sikeli, kowa na da izinin ya ce a ɗora shi kafin a auna kayansa. Wanda ya kai buhunmu gida ko shago ya ga ragi, ko ya tarar da abin da ke ƙasa ya saɓa wa na sama, ya dawo da shi tare da takardarsa, za a musanya masa ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma kuɗin motar a wuyanmu yake. Ɗaya daga cikinmu yana zaune a ofis kullum daga safe har zuwa la'asar, ban da lokacin sallar Juma'a, kuma ba sai an bi ta hannun kowa ba kafin a gan shi.

Allah ya sa albarka a noman bana, ya ba mu kasuwa mai albarka baki ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Shugabannin kamfani, a madadin dukkan ma'aikata.